Shekarar da Babanku Ya Bi Ruwa da Ƙafa

Ku matso kusa, 'ya'yana da 'ya'yan 'ya'yana, ku ara mani kunnuwanku, in na gama in mayar maku da abinku. Da tatsuniya ce da na ce ga ta nan, ku ce ta zo ta wuce. To wannan ba ta wuce ba, tana nan zaune a bakin dangi, kuma a karkace take zaune. Na ji ana cewa wai ni na hana babanku hutawa da tsufansa, ɗansa ya kai shi inuwa ni na kore shi rana. Ban ji haushi ba. Wanda ya hango daga nesa haka zai gani. Amma ni a kusa nake, shi ya sa na ce a zauna ina faɗa ana rubutawa, tunda ni ko alif ban sani ba.

Mu mutanen gungu ne. A tsakiyar ruwa aka haife ni, a can aka kai ni ɗakin babanku. Da aka datse kogi a Kainji ruwa ya tashi zai ci gungunmu, a jirginsa ya fitar da mu, jirgin icen maɗaci da shi da ubansa suka fafe da hannunsu. Ni ce a ciki, da tukwanena, da dutsen niƙa, da akuya ɗaure tana kuka, da yayanku babba a bayana. Sunansa na yanka ba ya fita a bakina, kun sani, Ɗanjuma nake ce masa. Haka muka sauka a tungar nan da ke tsakanin Yelwa da Ngaski, muka fara rayuwa daga farko. Tun ranar babanku bai daina kirana Ta-Gungu ba, ni kuwa Malam nake ce masa har ya koma ga Allah.

Malam mutum ne da ban taɓa ganin ya kwanta ciwo ba. Da asuba ya sauka ruwa, filafili a hannu, ya duba koma, ya ɗaga gura, tarkon nan na kifi, ya dawo ya shiga gonar gero. Ba wanda ya taɓa ce wa wannan motsa jiki. Neman abinci ne kawai.

Sai aka yanke mana jiha daga Sakkwato. Ɗanjuma ya samu aikin tuƙin mota a wani ofis a Birnin Kebbi, Allah ya buɗa masa, shi kuma bai manta gida ba. Ya sayo jirgin katako da inji ya damƙa wa ƙannensa, ya ce daga yau Baba ya bar ruwa. Aka jawo tsohon jirgin aka kife shi a gindin tsamiyar bayan gida, har kaji suka mai da ƙarƙashinsa wurin ƙwai. Ya kawo kujera mai shimfiɗar yadi wadda mutum ke kishingiɗa a ciki, da rediyo, da gwangwanayen madara da sukari. Ya kuma yi magana da Isa mai kabu-kabu, mai haya da babur, ya ce ko masallacin Juma'a Baba za shi, ko gaisuwar mutuwa, a zo a ɗauke shi a bakin ƙofa. Ku ji ni da kyau, duk wannan ƙauna ce. Ni ma na yi murna, na yi ta sa masa albarka. Malam ya yi ƙiba, wuya ya cika, mutane na cewa hutu ya karɓe shi.

Ba a yi damina biyu ba sai ƙishirwa ta kama shi, ya sha ruwa kamar ana zubawa a rairayi, yana ta zagayawa bayan gida. Wata rana garwashi ya faɗo masa a kan ɗan yatsan ƙafa, bai ji ba sai da na gani na ture. Maƙwabciyarmu Rifkatu, Bakambara ce, tana aikin jinya a Yelwa, kuma tun saukarmu tungar nan muke ba juna gishiri ta kan danga. Na faɗa mata. Ta zagaya inda yake fitsari, ta ga tururuwa sun yi baƙi a wurin.

"Yaya, gobe ki sa a kai shi asibiti," in ji ta. "Kada ki bari jibi ta yi."

Likita ya ce ciwon suga ne. Ya ba da magani, ya hana zaƙi, sannan ya ce kullum sai Malam ya yi tafiya a ƙasa har gumi ya fito. Ya nuna ƙafar da bakin alƙalaminsa, ya ce jini ya fara ƙin sauka can, in aka ci gaba da zama wata rana sai dai a yanke ta. Na dubi ƙafar nan da ta tsaya a kan jirgi shekara da shekaru.

Malam ya ɗauki maganar. Washegari ya sa hula ya kama hanyar mota. To a ƙasarmu kun san dattijo ba ya tafiya haka kawai. Bai yi nisa ba mai kabu-kabu ya tsaya.

"Baba, lahiya? Ina za ka?"

"Babu inda za ni."

"To hau in kai ka."

Da ya wuce wannan sai wani ya tsaya, bayansa wani. Ƙin hawa kuma kamar raina mutum ne. Kafin mako ya zagayo magana ta shiga kasuwa, wasu na cewa Malam ya fara taɓuwa, yana fita ya je ya taɓa itace ya dawo, wasu na cewa ɗansa ya daina kula da shi. Ya bar hanyar mota. Da Ɗanjuma ya ji, sai ya aiko cewa Isa ya riƙa kai shi filin makarantar firamare, can ma'aikata ke gudu da safe. Filin da nisa. Sai an jira Isa, sai an canza riga, sai an hau an sauka, sannan tsoho ya yi ta kewaya fili yara na leƙensa ta taga. Ranar da Isa ya makara ba a zuwa. Ranar da aka yi baƙo ba a zuwa. Ranar da sanyi ya yi yawa a ce sai gobe. A hankali goben ta cinye abin.

"Malam, yau ma ba ka tahi ba," na ce masa.

"Ta-Gungu, ni ba ɗan akuya ba ne a turke, in yi ta zagaya wuri guda. Tahiyar da aka tambaye ka ina za ka ba ka da amsa, wannan ba tahiya ba ce."

Ya koma kujera, ya murɗa rediyo. Ƙafar kuwa ta fara kumbura, fatarta na sheƙi kamar an shafa man gyaɗa.

Bayan ƙaramar Sallah ne, sanyi ya wuce, tafki ya cika har ana jin motsinsa daga tsakar gida. Na sauka wanki da safe na iske Bagudu, abokin Malam tun suna yara a gungu, wanda ya girme shi ma, siriri kamar gorar tuƙi. Ya naɗe wando yana tura jirginsa cikin ruwa.

"Bagudu, kai ba ka gajiya? Jiya ma na gan ka kana wanga aiki."

"Ruwa ya fara ja, matar abokina. In na kwana biyu ban tura shi ba, sai in iske shi zaune bisa laka kamar mijinki bisa kujera."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na tsaya da zane a hannu ruwa na ɗiga. Ku da kuka tashi a birni ba ku san halin tafkin nan ba. Ba ya zama wuri guda. Daga shigowar zafi yake fara janyewa, kullum kaɗan, kullum kaɗan, har ya bar fili mai faɗi na laka da ciyawa, sai damina ta yi nisa ya juyo. Duk mai jirgi a bakin ruwa dole kowace safiya ya je ya kwance shi, ya kwashe ruwan da ya shiga, ya tura shi gaba, ya sake kafa gora. Jirgin da ya sha ruwa kuwa in aka bar shi a kan laka rana ta buge shi, tsagewa yake daga kai har gindi. Gara wanda bai taɓa barin inuwa ba.

Na roƙi Bagudu. Ranar Juma'a, Isa ya tafi da Malam masallaci, Bagudu da ƙannen Ɗanjuma suka birkice jirgin, suka kori kaji, suka toshe tsagoginsa da tsumma da kwalta, suka ja shi ruwa. Da Malam ya dawo ya zagaya bayan gida, ya ga gindin tsamiya wayam.

"Ina jirgina?"

"Shina ruwa."

"Wa ya sa?"

"Ni. Na gaji da ganin kaji na kashi a kan jirgin da ya hitar da mu gungu."

"Ke kin san ruwa ya fara ja? Wa zai riƙa tura shi?"

"Ban sani ba, Malam. Yara tun asuba suna wajen inji."

Ya dube ni. Ya gane, ai ba yaro ba ne. Ranar bai ci tuwona da daɗi ba. Washegari bai fita ba. Na dai ɗauko tsohuwar malafarsa da gorar tuƙi na jingine su a bakin ƙofar ɗakinsa, inda in ya fito daga sallar asuba sai ya yi karo da su. Safiya ta biyu na ji yana gunaguni, yana cewa mata ba su san darajar ice ba. Na leƙa, babu malafa, babu gora.

Abin da ya sa wannan dabara ta kama, waɗancan ba su kama ba, na daɗe ina juya shi a raina. Ruwa a bayan gida yake, in ka yi kira daga ƙofa na bakin ruwa zai amsa. Ba jiran kowa, ba canza riga. Babur ba ya shiga laka, balle a ce hau in kai ka. Wanda ya tambaye shi ina za shi, amsa na bakinsa: zan duba jirgi. Kuma abu ne da ba ya karɓar sai gobe. Ni dai na ce wa Isa ya daina zuwa da safe, ya bar Juma'a kawai. Sauran aikin tafki ya yi. Kowace safiya ruwa ya ɗan matsa, Malam ya ɗan bi shi. Bai san tafiyar na ƙaruwa ba, yadda uwa ba ta sanin ɗanta na tsawo. Na shiga bin bayansa da ƙullin wanki a ka, ko babu abin wankewa sai na nemo. In ya gama tura jirgi ya zauna a gefensa yana haki, in miƙa masa fura marar sukari, ya ɓata fuska ya sha. A can ya riƙa nuna mani da gora inda gungunmu yake a ƙarƙashin ruwa, inda rimin kakansa yake, inda ya fara ganina ina wankin gero. Zancen da ba mu yi ba muna yara, a bakin lakar nan muka yi shi.

Zafi ya yi tsanani, ruwa ya yi nisa har daga gida sai dai ka hango shi yana ƙyalli. Kumburin ƙafa ya saɓe. Sai ga Ɗanjuma. A tashar Yelwa wani ya tare shi, ya ce ko aikin nasa ya ƙare ne, ga tsohonsa can ya koma tura jirgi. Ya iske mu muna dawowa, babansa wando a naɗe, laka har ƙauri. Ya durƙusa ya gaishe shi, sai idonsa ya sauka a kan sawun da Malam ya bari. Akwai jini a ciki. Ɓawon katantanwa ya yanke shi a tafin ƙafa, bai ji ba, ni ma da ke bayansa ban lura ba.

Bai yi magana a gaban ubansa ba, sai da ya same ni a madafa.

"Inna, mi na yi maki? Na ɗauke shi daga laka, kin mai da shi laka."

"Likita ya ce shi yi tahiya."

"Likita ya ce kuma ciwo a ƙafar mai suga shi ne mafarin yankewa. Wannan ba ki ji ba? In ƙafar ga ta tahi, wa za a ce ya yi?"

Gaskiya ya faɗa. Ya fita ya ce wa ƙannensa su je su jawo jirgin su mai da shi gindin tsamiya. Malam na zaune Rifkatu na wanke masa ciwon, bai ko ɗaga kai ba.

"A bar jirgi inda yake," ya ce.

Ɗanjuma ya tsaya kamar an zuba masa ruwan sanyi. Tunda ya fara aiki ubansa bai taɓa mayar masa da magana ba. Na riga na zuba masa tuwon shinkafa da miyar kifi, irin wadda yake so. Ya shiga mota ya tafi, kwanon na nan a rufe.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ciwon ya ƙi rufewa da wuri. Rifkatu kafin ta tafi aiki ta zo, in ta dawo ta zo, ta kwance ta duba ta shinshina ta ɗaure. Ni kuwa in ina daka sai in tsaya da taɓarya a sama, ina tunanin in ƙafar nan ta tafi na rasa ƙafar miji na rasa ɗa. Bagudu ya riƙa tura jirage biyu. Abin da ya ba ni mamaki, Malam da a da sai an roƙe shi ya tashi, yanzu kujerar ce ke cizonsa. Kowace safiya sai ya tambaye ni, ya tambayi Bagudu, ina ruwa ya kai, ya wuce kututturen giginya ko bai wuce ba.

Allah ya sa ciwon ya rufe. Rifkatu ta danna wurin da yatsa, Malam ya janye ƙafa.

"Ka ji zahi, Baba?"

"Awo, na ji. Ke mugunta gare ki."

Ta dube ni tana dariya, idonta da ruwa. Ta ce ƙafar da ke jin zafi ƙafa ce mai rai. Amma ta kafa doka, ba shi ba sake taka laka ba takalmi. Ya gwada da takalminsa na fata, laka ta haɗiye ɗaya, ya dawo da ɗaya a hannu. Shi ke nan tafiya ta sake tsayawa. Babbar Sallah ta zo, muka yi ta sauraren ƙarar mota, Ɗanjuma bai zo ba. Rago ya aiko, ba saƙo. Da aiki ya kai Rifkatu Birnin Kebbi, ta tambaye ni ko da abin da za ta faɗa masa.

"Ki ce mashi ciwo ya warke. Ki ce mashi laka ta ci takalmi guda. Kada ki ƙara komi."

Ruwan sama ya sauka, aka yi shuka, shiru. Malam ya fara komawa rediyo, ina gani, ba yadda zan yi. Sai wata safiya ina hura wuta na ji mota ta tsaya. Ya shigo da buhu a hannu, ya durƙusa nesa da ni.

"Inna, ina kwana."

"Lahiya lau. Kun zo lahiya?"

Ya buɗe buhun ya fito da takalman roba dogaye, baƙaƙe, masu kaiwa gwiwa, irin na masu aikin gyaran hanya. Bai kai wa ubansa ɗaki ba. Ya je ya jera su a bakin ƙofa, kusa da malafa da gora.

"A nan za su riƙa kwana," ya ce. "Kada a kai su ɗaka, in sai an nema ba za a sa ba."

Ya sake sa hannu a buhun ya fito da wasu ƙanana, ya ajiye a gabana, kansa a ƙasa.

"An ce kina bin shi."

Malam ya fito ya ga takalma, ya ga ɗansa. Bai ce masa don me ba ka zo Sallah ba. Ya zura ƙafa, ya buga ƙasa, ya ɗauki gora.

"To, direba, za ka ga jirgi ko mota na jiranka?"

Ɗanjuma ya cire takalmansa na ofis ya ajiye a kan kujerar kwanciyar nan, ya naɗe wando. Lokacin ruwa ya kai iyakar janyewarsa, tafiya ce ta gaske. Malam a gaba, ni a tsakiya ina ɗaga ƙafa kamar zalɓe don ban saba ba, shi a baya ba takalmi. Ba mu kai rabi ba na ji yana haki. Ubansa ya waiwayo.

"Ko a kira maka Isa?"

Dariyar da suka yi a filin nan, ita ce ta wanke komai. Da muka dawo na ɗumama tuwo, ya ci har ya nemi ƙari.

Da ruwa ya juyo ya dawo bayan gida, na ji tsoron tafiya za ta mutu, sai Malam ya ɗauki filafili ya riƙa tuƙa kansa zuwa wajen gurar Bagudu. In ruwa ya tafi ya bi shi da ƙafa, in ya dawo ya hau shi. Maganinsa kuma bai fasa sha ba. Haka ya yi shekaru masu yawa, ya ga auren autarsa, ya yi wa jikoki huɗuba. Ranar da ya cika, ya je ya tura jirgi da safe, ya dawo ya ce kansa na sarawa, kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa. Da ƙafafunsa biyu aka sa shi a likkafani. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta hutun da ba ya cutarwa.

Bagudu ya riga shi da damina ɗaya, kuma Malam ne ya tura jirginsa har 'ya'yansa suka zo suka ɗauka. Rifkatu ta bar aiki ta koma ƙauyensu wajen Ngaski, har yau in Kirsimeti ta zo sai ta aiko mani da gyaɗa, ni in aika mata da kifi busasshe da Sallah. Isa ya sayi mota yana jigilar Yelwa zuwa Kwantagora. Jirgin bai daɗe bayan mai shi ba, ya buɗe daga gindi, muka mai da shi ƙarƙashin tsamiya, kaji suka karɓi gadonsu. Ɗanjuma yanzu furfura ta cika masa kai, ciwon ubansa ya same shi. An ce ya sayi wani inji da ake tafiya a kansa a cikin ɗaki, amma matarsa ce ke shanya wanki a jikin injin. Da ya zo gaishe ni na ce masa ya je ya nemi nasa jirgin, ko mene ne shi, abin da zai lalace in bai je ba.

Ni kuwa ga ni nan, ido ya rage, gwiwa na ƙara. Takalman nan ƙanana sun tsage tuntuni, an sake mani wasu. Ba ni da jirgin turawa, amma kowace safiya ina zuwa in ga inda ruwa ya kwana, don na saba akwai mai tambayata. In kun zo kuka ga takalma a bakin ƙofa, kada mai shara ya kai mani su ɗaki.